Falon da Ya Yi Wata Bakwai Yana Gumi

Ranar Lahadi 11 ga Agusta 2019 aka yi Babbar Sallah. Tun watan Maris na ɗaure wa kaina wannan rana a wuya: ko ana ha-maza-ha-mata, a gidana zan yanka ragona. Shekara 14 na yi ina haya a Kaduna, kowace Sallah sai na nemi izinin mai gida kafin in kafa turke a tsakar gida. A Sallar da ta gabaci wannan wani ɗan uwana ya dafa kafaɗata a gaban jama'a, yana dariya, ya ce, "Alhaji guda, har yanzu ana biyan haya?" Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su. Amma maganar ta bi ni har gado, ta kwana da ni shekara guda.

Shi kuwa farin dutsen da na shimfiɗa a falon gidan, daga Makka na ɗauko sha'awarsa. A Hajjin 2017 na yi ɗawafi da azahar, rana tana dukan ƙeya kamar da gayya, amma tafin ƙafata a kan sanyi. Mutane da yawa sun ɗauka bututun ruwan sanyi aka shimfiɗa a ƙasa. Masu kula da Harami sun sha bayyana cewa babu wani bututu, dutsen ne haka, farin mabul da ake sarowa daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, kaurinsa santimita 5, farinsa yana mayar da hasken rana. Na ce a raina, in Allah Ya ba ni gida, falona haka zai zama. Aljihuna bai kai Girka ba. A kasuwar Dei-Dei da ke Abuja na samo wani fari mai jijiyoyi ruwan toka, ɗan waje, kauri santimita 2. Muna da namu mabul ɗin a ƙasa, a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo, amma ko tambaya ban yi ba, don so nake in an tambaye ni in ce daga waje ya zo. Mabul nake ta cewa saboda haka masu aikin suke kiransa. Abin da muka taso muna kira marmara jan dutsen nan ne da ake haƙowa a yi ciko da shi.

Wanda aka haɗa ni da shi don shimfiɗawa dattijo ne, ya haura sittin, siriri, da fensir maƙale a kunne kullum. Da Italiyawa ya koyi aikin tun yana saurayi a kamfanonin gine-gine. Baba nake ce masa, kamar yadda kowa a wurin aikin yake ce masa. Shi ne ma, tun ana zuba kankaren ƙasa, ya dage sai an shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi don kada danshin ƙasa ya riƙa hawowa, alhali ba aikinsa ba ne a lokacin. Na saya ina gunaguni.

A farkon Yuli aka zuba daɓen siminti da yashi a falo, kauri santimita 5, don a daidaita ƙasa. Tagogi ba su iso ba tukuna. Dare biyu ruwa ya yi ta feshi ta kafar taga har ya kwanta a gefen gabas. Kwana shida da zubawa na zo da yamma, na taka daɓen, na buga shi da dunduniya, na ji shi kamar fa.

"Baba, ya bushe. Gobe a fara."

Ya durƙusa ya ɗora bayan hannunsa a ƙasa, ya daɗe, kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Alhaji, ya kama dai. Kamawa daban, bushewa daban. Wannan yana son wata biyu, kuma da damina ma ya fi haka."

"Wata biyu? Sallah saura wata guda."

"To a yi Sallah a kan siminti. A shimfiɗa tabarma. Rago bai san mabul ba."

Da na saurara, da na ji abin da yake nufi. Daga baya na fahimci lissafin, kuma ba shi da wuya. Buhun siminti mai kilo 50 ba ya shanye ruwan da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa wajen kamawa, wato lita 12 ko 13. Amma ba a iya juya kwaɓi da wannan ɗan ruwa, don haka leburori suna zuba ninkinsa ko fiye. Duk rarar nan tana nan a cikin daɓe, sai ta fita ta sama a hankali. Ma'aunin da magina suke bi shi ne milimita ɗaya a kwana ɗaya, a farkon santimita 4, in iska a bushe take. Abin da ya ƙaru a kan haka ya fi jan lokaci. Kwana 28 ɗin da ake yawan faɗa kuwa na ƙarfin siminti ne, ba ruwansa da bushewa. Ni da kaina na biya 'yan ga-ruwa kuɗin jarkokin da aka kwaɓa falon nan da su. Na ga ruwan yana shiga, ban taɓa tambayar kaina ta ina zai fita ba.

Na ce masa in ba zai yi ba akwai masu yi. Mutum mai iyali, ga damina aiki ya yi ƙaranci. Ya yi shiru, ya gyara fensirin kunnensa, ya ce, "Shi ke nan, gidanka ne. Amma alfarma ɗaya: in na shimfiɗa, kada a shafa masa komai, kada a rufe shi, a bar tagogi a buɗe har hunturu." Na ce na ji.

Ya shimfiɗa, a kan wani sabon kwaɓin kuma, wanda shi ma ruwa ne. Aiki ya yi kyau, layi ya miƙe kamar an ja da zare. Sai dai dutsen bai yi ƙyallin da nake gani a otal ba. Da na yi masa maganar a sa masa mai, sai ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin an yi wa randa fenti?" Ban amsa ba. Bayan ya tafi na kira wani yaro mai injin goge ƙasa, na ce ina son in ga fuskata a ciki. Yaron bai yi laifi ba, abin da na saya ya sayar mini: ya shafe falon da wani farin ruwa mai kama da madara, shafi uku, ya bi da inji. Na ga fuskata kuwa. Don kada masu fenti su ɓata, na sa aka lulluɓe ko'ina da leda da kwalaye har kwana goma. Da aka kwashe, aka kawo katafaren kafet mai roba a bayansa aka shimfiɗa a tsakiya, aka jera kujeru, aka rufe sababbin tagogi saboda sauro. Abu uku ya roƙe ni, duka ukun na karya, kuma cikin mako biyu.

An yi Sallah. Ɗan uwan nan nawa ya zo, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya taka falon ya ce, "Kai, sai ka ce Harami." Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a wannan minti ya yi yawa.

Kwana goma sha biyu bayan Sallah uwargida ta ce wani wari take ji, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Muka naɗe kafet. Ƙarƙashinsa dutsen ya yi duhu, toka-toka, daidai faɗin kafet ɗin, kamar an zuba mai. A sauran wurare kuma kowane falle ya yi baƙin gefe, tsakiya fari, kamar hoto a cikin firam. Layukan da ke tsakanin fallayen sun fito da wani farin gari kamar kanwa. Shafin nan mai ƙyalli ya yi hazo, wani wurin ya tashi kamar fatar da ta ƙone. Bayan kafet ɗin kuwa ya yi fumfuna.

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na san sarai abin da ya faru. Tun ina tsaye a kan duhun nan maganar randa ta dawo mini. Amma da bakina ya buɗe, cewa na yi, "Tsohon nan ya cuce ni." Akwai cikon kuɗinsa a hannuna, naira 85,000, da muka yi zan biya bayan Sallah. Ya kira ni sau biyu, ban ɗauka ba. A na uku na ɗauka na ce ya zo ya ga ɓarnar da ya yi kafin ya yi maganar kuɗi. Ya ce, "An shafa masa wani abu?" Na kashe waya. A masallacin unguwa, da aka tambaye ni wa ya yi mini aiki, na faɗa, na ƙara da cewa ban ba kowa shawarar ya kira shi ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Ni nawa ma ba takawa kawai na yi ba, kujera na ɗora a kai na zauna.

Wata guda na yi ina magani da kaina, kuma duk abin da na taɓa sai ya ƙara lalacewa. Farin garin nan na sa aka wanke da ruwa da tsumma. Kwana biyu ya dawo ya fi na da. Dole ya dawo, don ruwa ne yake narkar da gishirin da ke cikin siminti ya hauro da shi, in ya iso sama ya bushe ya bar shi a nan, har wani ɓangarensa ya haɗu da iska ya daskare ya zama kamar alli. Kowane wanki ƙarin ruwa ne. Wata maƙwabciya ta ce ruwan tsami yana cire shi, aka gwada lemon tsami da ruwan wanke banɗaki a falle huɗu. Ya cire, ya haɗa da fuskar dutsen. Mabul ɗan uwan farar ƙasa ne da alli, tsami cin sa yake yi. Fallayen nan huɗu suka dusashe kamar an goge su da yashi. Sai na ce zafi ne maganin ruwa, na kunna risho biyu a tsakiyar falo na rufe ƙofofi. Da safe gilashin tagogi yana ta zufa. Ashe kananzir in yana ci tururin ruwa yake fitarwa, lita guda tana ba da ruwa kusan lita guda. Na biya kuɗin kananzir don in ƙara wa ɗakin laima.

Ana cikin haka gefen gabas, inda ruwan sama ya taɓa kwanciya, ya fara yin rawaya. Na zuba masa bilic. Ya ƙara rinewa.

A ƙarshen Satumba na kira wani abokina injiniya da muka yi karatu tare a Zariya. Bai zo da wata na'ura ba. Ya nemi farar leda, ya yanka ta murabba'i, kamar santimita 45 kowane gefe, ya manna a wuri uku da salatif, ya toshe gefunan tsaf, ya ce kada a taɓa sai gobe. Washegari ya dawo muka ɗaga. Cikin kowace leda raɓa ce ɗigo-ɗigo, dutsen ƙarƙashi ya ƙara duhu. Ya zauna ya karɓi shayi, ya ce, "Kwana nawa tsakanin zuba daɓe da shimfiɗa dutse?"

Na ce, "Kusan wata guda."

Uwargida tana ajiye faranti. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kwana shida ne, Alhaji."

Shiru ya ratsa falon. Abokina ya kurɓi shayinsa, ya kalli silin, ya ce to wanda ya shimfiɗa bai ce komai ba? Na ce ya ɗan yi magana. Ya ce, "Ka nemo shi. Shi ya san abin da ke ƙasa."

Ko bayan wannan sai da na ƙara mako uku. Ba kuɗin ne babu ba, suna nan. Ƙafata ce ta yi nauyi. Na yi ta tsara maganar da zan faɗa yadda zan biya ba tare da na ce na yi kuskure ba, na kasa samun tsarin da ya zauna. A ƙarshe na je gidansa bayan la'asar, na same shi a zaure yana gyara igiyar guga. Na gaishe shi, na ajiye kuɗin a gefen tabarma, na ce, "Baba, na shafa masa mai. Na rufe shi da leda. Na sa kafet. Na kuma ɓata maka suna a masallaci. Ka yafe mini." Ya daɗe yana kallon igiyar. Ya ce, "Allah Ya yafe mana gaba ɗaya." Sannan ya ce jikarsa ta yi mako biyu a gida a farkon zango saboda kuɗin makaranta. Bai faɗa da zafi ba, faɗa kawai ya yi, kamar mai ba da labarin ruwan jiya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya zo ranar Asabar. Abu na farko, ya sa aka fitar da komai, kujeru da kafet da labule. Na biyu, ya sa aka kankare shafin nan gaba ɗaya da maganin cire shi, da ruwa ɗan kaɗan, ana bi ana tsanewa nan take. Ya ce dutsen da Allah Ya yi duk yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, wani ya fi wani. Giranit da mabul suna da nasu, amma dutsen yashi ya fi su sha. Ta nan yake shan ruwa, ta nan yake fitarwa. "Irin abin da ake yi wa gidajen ƙasa a birni," in ji shi. "A yaɓe bangon ƙasa da siminti, a ce an yi gyara. Damina uku, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, sai yaɓen ya ɓanɓaro da rabin bango." Na tuna gidan kakana a Zariya, haka kuwa aka yi.

Ya ɗauki ɗan ƙarfe ya ƙwaƙule cikon wasu layuka, layi ɗaya a kowane uku, don danshi ya sami ƙarin hanya. Ya ɗaga falle ɗaya a kusurwa don ya ga ƙasa. Na leƙa. Kwaɓin da ke ƙarƙashi baƙi ne, sanyi ƙalau, in ka danna yatsa sai ya fito da laima, wata uku da shimfiɗawa. Ledar nan da ya tilasta mini saya tana can ƙasa tana tare ruwan ƙasa. Ba don ita ba, in ji shi, da ba ranar bushewa, sai dai a fasa a sake. Amma ita ɗin ce kuma ta hana ruwan ginin sauka. Hanya ɗaya tak ta rage masa, sama, ita na toshe.

Sai ya ciro alli daga aljihu ya zagaye kowane duhu, ya rubuta kwanan wata a gefe. Ya ce duk Juma'a in sake zagayewa. Wanda yake tsukewa, a ƙyale shi. Wanda ya tsaya cak ko yake faɗaɗa, akwai mai ba shi ruwa.

"Sai me kuma, Baba?"

"Fanka biyu, su riƙa busa ƙasa. In rana ta fito a buɗe tagogi, in hadari ya taso a rufe. In akwai wuta da dare a kunna na'urar sanyaya ɗaki, tana tsotse laima. Garin nan a share shi da busasshiyar tsintsiya, kada ruwa ya taɓa shi."

"Har yaushe?"

"Har ya gama."

Na sa bokiti a bakin bututun na'urar ta waje, don in ga da idona. Duk daren da wuta ta zauna, da safe sai in tarar da ruwa a ciki. Baƙi kuwa a tsakar gida muka riƙa karɓarsu, a kan tabarma, kamar yadda ya ce tun farko. Falon da na ci bashi don a gani ya zama ɗakin da nake jan ƙofarsa in an yi sallama.

Duk Juma'a bayan masallaci nakan durƙusa da alli. Ban taɓa zaton zan ƙosa in ga layin alli ba. A Oktoba tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye ba ta wuce faɗin yatsa ba. Wuri ɗaya, kusa da bangon banɗakin baƙi, bai motsa ba ko kaɗan mako uku a jere. Aka fasa bangon ta baya, aka sami mahaɗar bututu tana ɗiga a hankali. Da mun ci gaba da zargin damina, da har yau tana ɗiga. Aka gyara.

Sai hunturu ya shigo. Iskar nan da muke tsine wa kowace shekara, mai fasa leɓe da dunduniya, mai sa takarda ta nannaɗe, ita ta yi aikin da kuɗina ya kasa. A Disamba na bar tagogi a buɗe dare da rana, ƙura tana shiga muna sharewa. Zagayen alli ya riƙa tsalle, faɗin tafin hannu a mako. Baƙin gefen fallaye ya janye, farin ya dawo daga tsakiya zuwa baki. Farin garin ya ragu, ya ragu, wata Juma'a a Janairu na share ban samu komai a tsintsiya ba. Na kira Baba ina murna. Ya ce a ƙara wata guda, don sama tana riga ƙasa bushewa.

Rawayan gabas ne bai tafi ba. Irin wannan farin dutse yana da ƙwayoyin ƙarfe a jikinsa. In ya daɗe a jiƙe sai su yi tsatsa daga ciki, bilic kuma ƙara musu tsatsa yake yi. Baba ya kwaɓa farar ƙasa da wani maganin tsatsa na mabul, ya shafa da kauri, ya rufe kwana biyu, ya kankare. Sau uku ya yi. Ya ɗan yi haske, amma yana nan, faɗin faifai, a ƙarƙashin taga. Fallaye huɗun da tsami ya ci aka sake goge su da inji suka dawo.

A tsakiyar Fabrairu ya zo da ledarsa da salatif, ya manna a wuri biyar. Washegari da hantsi muka ɗaga tare, ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa cikin kowace leda da yatsa, ya duba yatsan a hasken taga. Babu komai. Ya cike layukan da ya ƙwaƙule, ya ce nan da mako guda zai dawo da maganin da ya dace, wanda yake nutsewa cikin dutse ya hana shi shan mai da shayi amma ya bar tururi ya fita. Ba ya ƙyalli irin na otal, ya gaya mini tun da wuri. Na ce na ji, kuma wannan karon na ji ɗin.

Da mako ya cika ya zo da gwangwaninsa da fararen tsummoki. Na tambaye shi nawa ne aikin. Ya faɗa. Na ce ba damuwa, ya fara, da yamma zan bi ta banki.

Bai ajiye gwangwanin ba. Ya ce, "Alhaji, a fara biya."

Na koma ciki na haɗa da na uwargida, na kawo masa. Ya ƙirga a gabana, ya sake ƙirgawa, ya sa a aljihun gaba ya ɓalla maɓalli. Sannan ya durƙusa daga kusurwar gabas, ya buɗe gwangwanin.